Ya Fara Allurar Testosteron Kafin a San Ciwonsa

Takardar da aka turo shi da ita gajeriya ce: namiji, shekara 48, an gwada maniyyinsa sau biyu, mako uku tsakani, ba a ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba. Shi da matarsa suka shigo. Ita ce ta riƙe fayil, shi kuwa ya ɗosana a bakin kujera kamar mai shirin tashi. 'Ya'yansu biyu, ƙaramin yana shekara bakwai, kuma sun kusa shekara suna neman na uku. Mutumin da ya haifi biyu ba tare da wata wahala ba, a ce yau babu ƙwaya ko guda, to lalle wani abu ya faru a tsakani. Na tambayi tiyata, na tambayi hangum, na tambayi ko ya taɓa jin rauni a gaba, duk ya ce babu. Na tambayi magani, ya ce sai na ciwon baya. A nan matar ta juya ta dube shi ta ce, "Baban yara, allurar fa?" Ya ce, "Ai wannan ba magani ba ce, Likita, ta ƙarin ƙarfi ce."

Na sauya wasu bayanai don kada a gane shi, amma yadda abin ya gudana haka yake.

Yadda aka kai ga allura

Aikinsa na zaman ofis ne. A cikin shekara shida nauyinsa ya tashi daga kilo 84 zuwa 106, kuma yawancin ƙibar a tumbi ta taru, don da na zagaya ƙugunsa da tef na sami santimita 114. Wajen shekara biyu da suka wuce ya fara jin kasala wadda barci ba ya korarta. Yakan yi gyangyaɗi a taro, sha'awarsa ga iyali ta ja baya, miƙewar gaba da asuba ta zama sai jefi-jefi. Bai gaya wa kowa ba. Ya karanta abin da ya karanta a intanet, ya ga tallan wani asibiti mai zaman kansa da ke cewa yana dawo wa maza da ƙuruciyarsu, ya je bayan ya tashi daga aiki.

An ɗebi jininsa da misalin ƙarfe huɗu na yamma, bayan ya ci abincin rana. Sakamakon testosteron, wato sinadarin namiji da maraina ke yi, ya fito 241 ng/dL (ma'aunin yawansa a jini), an zana masa jan layi a ƙarƙashin lambar, aka ce ga matsalarka nan. Ranar aka yi masa allurar testosteron ta farko, miligiram 250, aka ce ya riƙa dawowa duk mako biyu. Ba a sake gwajin ba. Ba a duba wani sinadari daban ba. Ba wanda ya tambaye shi ko yana minshari, ko wane magani yake sha wa bayan nasa, ko yana son ƙarin haihuwa.

Makonni shida na farko, in ji shi, kamar an cire masa dutse daga ka. Ban musa masa ba, domin da gaske ne wasu kan ji haka. Daga baya daɗin ya fara gajarta: kwana huɗu ko biyar bayan allura yana garau, kafin ranar ta gaba ya koma laƙwas, ga saurin fushi. Sai ya nemo wanda zai riƙa yi masa a gida, ya mayar da ita mako-mako. Wata goma yana haka kafin mu haɗu.

A wannan gwaji guda na yamma ne aka fara kaucewa hanya. Testosteron ba ya tsayawa wuri ɗaya a jini. Yana kaiwa ƙololuwa da safe, ya sauka da yamma, kuma cin abinci ma yana saukar da shi. An auna an ga ruwan suga kawai yana iya rage shi da kusan kashi 25 cikin 100 na wasu sa'o'i. Rashin barci na mako guda, zazzaɓi, duk suna taɓa shi. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a ɗebi jini da safe, mutum bai ci komai ba, kuma a maimaita a wata ranar. Kusan kashi 30 cikin 100 na mazan da gwajin farko ya nuna ƙasa, in an sake sai a ga lafiya lau. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta sa iyaka a 300 ng/dL. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki kuma, a shekarar dai, ta kawo 264. Dukansu sun haɗu a kan cewa lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da alamun ciwo, sai kuma an nemi dalili.

Kuma kasala ita ce alama mafi rauni a cikin duka. A 2010 aka wallafa wani babban bincike da aka yi a cibiyoyi takwas na Turai a kan maza sama da 3,000 masu shekara 40 zuwa 79. Alamu uku kawai suka tafi kafaɗa da kafaɗa da ƙarancin sinadarin, duka na kwanciya ne: raguwar sha'awa, raguwar miƙewar asuba, da raunin gaba. Da aka haɗa alamun da gwajin jini, kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗoriya ne kawai suka cika sharaɗin. Saukar da shekaru ke kawowa kuwa a hankali take, wajen kashi 1 cikin 100 a shekara daga tsakiyar rayuwa. Gajiya a jikin mai shekara hamsin tana da iyaye da yawa: suga, ƙarancin jini, ciwon damuwa, matsalar tayirod (ƙullutun da ke wuya), rashin barci mai kyau.

Abin da na samu

Fuskarsa ta yi jajir-jajir, idanunsa ma haka, kuma ya amsa cewa ciwon kai na damunsa kusan kullum. Hawan jini 152 bisa 96. Nonuwansa sun ɗan tasa, suna masa zafi in an taɓa, abin da ya ji nauyin faɗa sai da na tambaya. 'Ya'yan marainansa sun ƙanƙance sun yi laushi. Matar ta ce minsharinsa har daga wani ɗaki ake ji, kuma yakan ɗauke numfashi har ta zungure shi. Maganin bayan da ya ambata a gurguje, ashe tiramadol ne, miligiram 100 safe da dare, shekara biyu ke nan.

Jini ya tabbatar da abin da ido ya gani. Kwana uku bayan allurarsa ta ƙarshe, testosteron ya haura 1,100. LH da FSH, sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, sun kusa sifili. PCV, wato ma'aunin kaurin jini, kashi 55. Ma'aunin suga na wata uku ya nuna 6.1, bai kai ciwon suga ba amma yana bakin ƙofa. PSA, gwajin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, lafiya.

Na jawo takarda na zana musu, domin in mutum bai fahimci wannan ba, ba zai yarda ya ajiye allura ba. Akwai wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira fituwitari. Shi ke aika saƙo biyu zuwa maraina: LH ya ce a yi testosteron, FSH ya ce a yi ƙwayoyin haihuwa. Ƙwaƙwalwa tana auna abin da ke yawo a jini. In ta ga ya yi yawa sai ta tsayar da saƙon. Ba ta bambance wanda jiki ya yi da wanda sirinji ya zuba. To a cikin marainan kansu, testosteron da ake buƙata don ƙera maniyyi ya ninka na jini sau da yawa ƙwarai, kuma allurar ɗuwawu ba ta iya kai shi can. Jini ya cika, masana'antar ta rufe. Na gaya musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada wannan allura a matsayin hanyar tsarin iyali ga maza: a sakamakon da ya fito a 1990, miligiram 200 mako-mako ya sa kusan biyu bisa uku na mazan sun daina fitar da ƙwaya gaba ɗaya cikin wata shida. Shi kuwa abin da yake yi wa kansa ya ma fi haka.

Matar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a hankali, "Wato duk watannin nan da nake ta zuwa asibiti ana duba ni..." Ba ta ƙarasa ba. Shi ma bai ɗago ba.

Kaurin jinin ne ya fi tayar mini da hankali a ranar, ba maniyyin ba. Testosteron yana ingiza ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, allura ta fi man shafawa yin haka, kuma in PCV ya wuce 54 ƙa'ida ta ce a tsaya. Ga mai ƙiba, mai hawan jini, mai ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda ita ma kanta tana kaurara jini. Na sa aka ɗebe masa jini leda guda a makon, muka fara maganin hawan jini.

Gardamar dainawa

Bai yarda nan take ba. Ya ce, "Likita, ba ka san yadda nake kafin allurar nan ba. Ba zan koma can ba." Ya kuma ce ya karanta cewa an tabbatar ba ta da illa ga zuciya.

Da gaskiyarsa, rabi. Binciken da yake nufi ya fito a 2023, an yi shi a Amurka a kan maza sama da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80 da ke da ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya sun zo kusan daidai: kashi 7.0 ga masu shafa maganin, 7.3 ga masu shafa na bogi. Labari ne mai daɗi, kuma ya kwantar da fargabar da aka daɗe ana yi tun gargaɗin da hukumar magunguna ta Amurka ta fitar a 2015. Amma mazan nan an gwada su sau biyu kafin a ɗauke su, man shafawa aka ba su ba allura ba, ana daidaita musu adadi, ana lura da kaurin jininsu. Duk da haka an fi ganin rikicewar bugawar zuciya, gudan jini a huhu da rauni a ƙoda a ɓangaren masu maganin, kuma wani reshe na binciken ya nuna sun fi samun karayar ƙashi, abin da ba a yi tsammani ba. Mutumin da ke yi wa kansa miligiram 250 duk mako ba tare da gwaji ba, ba ya cikin waɗanda wannan sakamako ya wanke.

Na kuma gaya masa abin da maganin ke iya yi in an ba wanda ya dace. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2016, a kan maza 790 masu shekara 65 zuwa sama, sun nuna ci gaba matsakaici a sha'awa da kwanciya, ɗan sauƙi a yanayin rai, amma a kuzari da ƙarfin tafiya abin bai taka kara ya karya ba. Wato ainihin abin da ya kai shi neman allura, kasala, shi ne wanda maganin ya fi gazawa a kai.

Abin da ya sauko da shi ba lissafina ba ne. Matarsa tana shekara 37, kuma ita ta faɗi hakan da bakinta. Na ƙara da cewa a binciken da aka tattara kan mazan da suka yi amfani da sinadarin don hana haihuwa, kusan kashi 67 sun farfaɗo cikin wata shida, kashi 90 cikin shekara, kusan duka cikin shekara biyu, amma waɗancan matasa ne masu lafiya. Shekaru da daɗewa a kan allura suna jinkirta abin. Ya ce a ba shi mako guda. Bayan kwana huɗu ya kira ya ce ya daina.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa tsanani, kuma na faɗa masa tun farko cewa za su yi. Daga mako na uku zuwa na goma jikinsa ba na waje, ba na gida: allura ta fita, ƙwaƙwalwa ba ta farka ba tukuna. Zufa da dare, baƙin rai, sha'awa babu ko kaɗan. A mako na shida ya je da kansa ya yi gwaji, ya turo mini hoton takarda mai lamba 132 da saƙo: "Ka gani ko?" Na ce wannan lambar ta allurar ce, ba tasa ba, kada ya auna kansa da ita. Sau biyu matar ta kira ni a ɓoye tana tsoron zai koma.

A nan zan faɗi inda nake ganin na yi jinkiri. Akwai magungunan da ke tayar da masana'antar ba tare da sun rufe ta ba: allurar hCG, wadda ke yin aikin LH kai tsaye, da ƙwayar kulomifen, wadda asalinta ta mata ce amma likitoci kan ba maza don ta sa ƙwaƙwalwa ta ƙara aika saƙo. Na zaɓi in jira in ga iya abin da jikinsa zai yi da kansa, don ina son sanin lambarsa ta gaskiya. Wata abokiyar aikina da na nuna wa fayil ɗin ta ce da ita ce tun ranar farko za ta fara hCG, saboda shekarun matar da kuma wahalar da ya sha. Har yau ina ganin hujjarta ta fi tawa ƙarfi. Sanin lambar ya amfane ni. Shi kuwa wata biyu ya yi yana jin jiki.

Neman dalili, wanda da shi ya kamata a fara

Ba mu zauna jira kawai ba. Tiramadol da danginsa, irin su kodin da mofin, suna danne saƙon ƙwaƙwalwa zuwa maraina, kuma wannan sanannen abu ne da ake yawan mantawa. Lokacin da ya fara sha ya zo daidai da lokacin da kasalar ta fara. Ba a yanke shi rana ɗaya, don haka muka riƙa ragewa a hankali har wata biyu da rabi, tare da likitan gashin ƙashi da ya koya masa motsa baya. Ya sha wuya a nan ma.

Gwajin barci ya nuna numfashinsa na tsayawa ko raguwa sau 38 a kowace sa'a. Daga 30 ake cewa abin ya yi tsanani. Aka ba shi na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Makon farko ya tsane ta, ya ce kamar an ɗaure masa tiyo a fuska. A mako na uku ya ce rabon da ya tashi da safe kansa wasai irin haka har ya manta. Na'urar ba a san ta da ɗaga testosteron sosai ba, kuma ban yi masa alkawarin haka ba. Gyangyaɗin taro dai ya tafi, alhali a lokacin lambarsa tana ƙasa da wadda aka zana wa jan layi.

Sai ƙiba. Kitse, musamman na ciki, yana juya testosteron ya koma sinadarin mata, wannan kuma ya sake danne ƙwaƙwalwa. Shi ne ma dalilin tasowar nono sa'ad da allura ta yi yawa. Ƙiba tana kuma rage SHBG, furotin da ke ɗauke da testosteron a jini, sai jimillar ta fito ƙasa alhali ɓangaren da ke aiki bai ragu haka ba. Na sa aka auna nasa, ƙasa yake, kamar yadda na zata. Ya fara tafiyar minti arba'in da safe, ya rage zaƙi da cin dare, daga baya ya ƙara ɗaga ƙarfe sau biyu a mako.

A wata na huɗu muka yi gwajin da ya kamata a yi tun asali: ƙarfe takwas na safe, bai ci komai ba, sau biyu mako guda tsakani. 258 da 271. LH ya dawo tsaka-tsaki, furolaktin (wani sinadarin fituwitari da yawansa ke danne testosteron) lafiya, ma'aunin ƙarfen jini lafiya. Da lambar ta tsaya ƙasa da 150, ko furolaktin ya hau, ko yana ƙorafin gani, da na tura shi hoton ƙwaƙwalwa don neman ƙari a fituwitari. Ba a kai ga haka ba. PCV ya sauka zuwa 47.

Ƙera ƙwayar maniyyi na ɗaukar wajen kwana 74, don haka ba a gaggawar sake gwaji. A wata na shida aka ga miliyan 4 a kowane mililita. Matar ta riƙe takardar tana ta kallo kamar ba ta yarda ba. A wata na goma sha ɗaya, miliyan 21. Ƙaramar iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2021 ita ce miliyan 16. Nauyinsa a lokacin kilo 94, testosteron 338 da 352, suga ya koma 5.7. Kulomifen ɗin da na ajiye a raina ba mu kai ga buƙatarsa ba.

Ba komai ne ya gyaru ba. Sha'awa ta dawo, amma ƙarfin gaba bai koma yadda yake so ba. Wannan galibi aikin jijiyoyin jini ne, kuma a mai hawan jini da ƙiba yakan zama gargaɗin farko game da zuciya, don haka na duba kitsen jininsa, na rubuta masa tadalafil, maganin raunin gaba, bayan na tabbatar ba ya shan maganin ciwon ƙirji na naitiret, wanda haɗa su kan faɗar da jini ƙasa warwas. Ya yi aiki. Ciwon bayan ma yana nan, yana zuwa yana tafiya.

Ya tambaye ni ko ke nan ba zai taɓa komawa kan maganin ba. Na ce ban faɗi haka ba. Ina da marasa lafiya da nake rubuta wa testosteron da hannuna, kuma hana su zalunci ne: wanda aka haifa da ciwon Kilainfelta, mai hana maraina girma yadda ya kamata, wanda hangum ya lalata wa maraina, wanda aka cire wa su saboda daji, wanda aka yi wa tiyatar fituwitari. Akwai kuma masu matsakaicin shekaru da aka gyara duk abin gyarawa, lamba ta ƙi tashi, alamu suna nan, kuma sun gama haihuwa. Irin waɗannan mukan zauna a zaɓa: man shafawa kullum, da sharaɗin a wanke hannu a rufe wurin kada ya shafi yara ko mata, ko allurar mako ɗaya zuwa biyu, ko mai dogon zango ta kowane mako 10 zuwa 14. A duba PCV da PSA kafin a fara, a sake bayan wata uku zuwa shida, sannan shekara-shekara, a nufi tsakiyar ma'auni ba samansa ba, in kuma an yi watanni ba wani sauyi a daina. In ranar ta zo gare shi, ta wannan hanya za mu bi.

Zuwansu na ƙarshe wata goma sha huɗu ke nan da dainawa. Ciki bai samu ba tukuna, na tura matar a sake duba ƙwayayenta tunda an ɗan jima. Suna shirin fita ya dawo, ya zaro wata 'yar leda daga aljihun riga ya ajiye a kan teburina: kwalabe uku na allurar, ba a fasa ba. Ya ce tun ranar da ya kira ni suke cikin durowar ofishinsa. Na duba kwanan wata, biyu sun riga sun lalace. Na sa su a kwandon magungunan zubarwa, na rubuta masa ranar dawowa bayan wata uku, ƙarfe takwas na safe, kada ya ci komai.